Yadda Ake Fatsar Bin Iska a Kan Duwatsun Murjani na Bahar Maliya Lokacin Zafi

Wanda ya koyi su a kogi, ranar farko da ya fita Bahar Maliya hannunsa zai yi ta kai wa ga anga. Abin da ya saba ke nan: a sami gurbi, a kafa jirgi, a jefa fatsa, a zauna jira. Ni a bakin kogin Nilu na taso, wajen Sinnar, inda Hausawa masunta suke da yawa, kuma da wannan sabon na zo Fot Sudan wurin kawuna. Muna isa kan dutse na sunkuya zan ɗauki anga, sai ya taka igiyar da ƙafa. Ya ce, "Bar ta nan, ɗana. Yau iska ce matuƙi." Ya kashe inji, jirgin ya juya ya ba iska haƙarƙari, muka fara gangarawa a hankali, ƙasan ruwa na wucewa ƙarƙashinmu kamar ana jan tabarma.

Wannan ita ce fatsar bin iska. Ana sakin jirgi iska ta tura shi ta kan duwatsun murjani, waɗanda mutanen gaɓar nan ke kira sha'ab, koto na tafe yana ratsa ƙofar ramin kifi ɗaya bayan ɗaya. Mai anga gida guda yake yi wa sallama, mai bin iska kuwa unguwa yake zagawa. Ga shi kuma anga a kan murjani ɓarna ce, tana farfasa dutsen da kifi ke kwana a ciki, sau da yawa ma ta maƙale sai an yanke igiya an bar ta can. Gwanintar aikin duk tana wuri ɗaya, wato ka san hanyar da jirgi zai bi tun kafin ka sake shi.

Ruwan da za ka shiga

Lokacin zafi a nan daga Yuni ne zuwa Satumba. Sa'ad da ƙasar Hausa ke tsakiyar damina, gaɓar nan ƙuna take yi, zafi kan haura digiri 40, ga gumi mai danƙo. Ɗan ruwan saman da ake samu sai wajen Nuwamba da Disamba. Saman teku kan yi ɗumi har digiri 30 ko fiye, shi ya sa rana na ɗagawa manyan kifaye ke gangarawa ƙasa. Da sassafe ka neme su a zurfin mita 15 zuwa 30, da hantsi ka bi su mita 40 zuwa 60.

Masuncin Legas ko Kalaba yana lissafi da cikar teku da janyewar ruwa sau biyu a rana. A Fot Sudan wannan lissafin kusan babu shi, bambancin bai taka kara ya karya ba. Iska ce ke tafiyar da kai, kuma mafi yawan kwanaki daga arewa take busowa. Duwatsun kuwa galibi a miƙe suke daga arewa zuwa kudu, sun jeru da gaɓa, saboda haka in ka iya tsayuwa iska za ta bi da kai ta gefen dutse tafiya mai nisa ba ka taɓa inji ba. Da asuba takan kwanta, ta motsa da hantsi, ta yi ƙarfi bayan azahar.

Akwai wata janyewar da baƙo bai sani ba, ta shekara ce. Lokacin zafi ruwan Bahar Maliya kan sauka kusan rabin mita ƙasa da yadda yake lokacin sanyi. Mashigar da ka ratsa lafiya lau a watan Janairu tana iya cinye maka farfela a watan Agusta. A Yuli da Agusta kuma akwai iskar ƙura da ke fitowa daga tudu, musamman ta wajen Tokar, kudu da Sawakin. In ka ga yamma ta yi ja kamar an tayar da bangon ƙasa, naɗe zare ka nufi mafaka, kada ka tsaya cewa bari in ƙara ɗaya.

Ba ko'ina ake sauke ƙugiya ba. Sanganeb, dutsen nan mai hasumiyar fitila da ke tsakiyar ruwa, keɓaɓɓen wuri ne tun 1990, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya tare da yankin Dungunab da tsibirin Mukawwar. A gefen dutsen Wingate, dab da tashar jiragen ruwa, akwai Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da gangan a Yunin 1940, kuma har yau bama-baman da ya ɗauko suna cikinsa. Mai hankali ba ya ja wa wannan dalma a ka. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma, batun izinin fita ba abin wasa ba ne. Ka tambayi masuntan inda za ka tashi wace takarda ake nema a wannan makon, ka riƙe ta a leda.

Shirin daren jiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ƙullin da za a yi a yi shi a gida, a kan tabarma, don a cikin jirgi mai tangaɗi da hannu mai santsin koto ba a ƙulla abin kirki.

Babban zare na lailon ne, mai kaurin milimita 0.90 zuwa 1, tsawon mita 150, a naɗe a katako ko faifan roba. A ƙarshensa ka ɗaura ɗan ƙarfen nan mai juyawa wanda ke hana zare murɗewa. Daga nan ka ɗaura wuyan fatsa, zare mai tsawon gaba ɗaya da rabi, ka fitar masa da rassa biyu, kowanne tsawon taƙi guda, tsakaninsu kamar kamu biyu don kada ƙugiyoyin su kama juna. Dalma tana can ƙasa, ita ce ƙarshe. Wasu kan jera ƙugiya biyar ko shida. A kan yashi babu laifi, amma a kan murjani kowace ƙugiya hannu ce da dutse zai kama ka da ita. Biyu sun isa, in wurin ya cika ƙaiƙayi ma ɗaya.

Ga dabarar da ta fi komai rage asara. Kada ka ɗaura dalma da zare mai ƙarfin na sama. Nemi siriri, kamar milimita 0.40, tsawon taƙi biyu, shi za ka ɗaura mata. Dalma ce ke fara sarƙafewa, in ta sarƙafe ka ja, siririn ya tsinke, ka rasa dalma kaɗai, ƙugiyoyi da kifin da ke jiki su taho. Ka tanadi dalma iri uku, mai giram 100, da 200, da 300, kowace aƙalla biyar. Wanda kuɗin dalma ya fi ƙarfinsa ya yanka guntayen rodi ko ya tara tsofaffin fulogi a wurin makanike, in dai asara za a yi gara a yi ta da abin da ba a saya ba.

Ƙugiya irin mai lanƙwasa baki zuwa ciki ta fi dacewa da wannan aiki. Ba ta yawan kama dutse, kuma a kusurwar bakin kifi take shiga maimakon cikinsa. Girmanta, wadda ɗan yatsanka manuni zai shiga tsakanin bakinta da ƙafarta. Ka haɗa wuyan fatsa kamar shida tun a gida, ka naɗe kowanne a guntun kwali. Ka ƙara guda biyu masu waya a gaban ƙugiya saboda agam da derak, kifaye masu haƙora irin na zawai, waɗanda ke datse lailon kamar da almakashi.

Koto mafi samuwa sardin ne. Da zafi yana saurin ruɓewa ya zame daga ƙugiya, don haka ka barbaɗa masa gishiri tun dare, ya tsane ya yi tauri. Habbar, halittar nan mai hannuwa da yawa da ke fesa tawada, ya fi daɗewa a ƙugiya, a yanka shi tsaye-tsaye kamar yatsa. Amma koton da ya fi duka shi ne tumbin sabon kifin da ka kama a wurin, a yanko shi siriri da fatarsa.

Sai sauran kaya. Ƙanƙara aƙalla kilo guda ga kowane kilon kifin da kake sa ran samu, da zafi ma ka ƙara. Ruwan sha lita biyar ga kowane mutum, a ajiye jarka guda dabam wadda ba a taɓawa sai an shiga matsala. Mai a kasa shi uku, kashi ɗaya na tafiya da zagaye, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Rigar hana nutsewa ga kowa, filafili biyu, fulogi sabo da sifanarsa, filaya, wuƙa mai kaifi, bokiti biyu, galan fanko da igiya, kamfas. A yanko zobba daga tsohon tiyub na keke a sa a yatsu, don kada zare ya yanke su. Anga ma tana cikin jirgi da igiyarta a warware, za ka ji dalili. A ƙarshe ka gaya wa wani a gida sunan dutsen da za ka da lokacin da za ka dawo, don waya na daina kamawa in an yi nisa.

Fita da zaɓen gefe

Ana idar da sallar asuba a tashi. Akwai matsala ɗaya da fitar safe a wannan gaɓar: gabas ka nufa, rana na fitowa cikin idonka take, ruwa ya koma madubi, ba ka ganin dutse sai ka hau shi. Ka bi hanyar da ka sani, ka rage gudu in kun kusa, mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi yana duba. In rana ta ɗaga ta koma bayanka ruwan da kansa zai yi maka bayani. Shuɗi mai duhu zurfi ne. Shuɗi mai haske ko kore-kore yashi ne mara zurfi. Ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya-rawaya murjani ne dab da sama, a kauce masa. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa ya cancanci kuɗinsa.

Kowane dutse gefe biyu gare shi. Akwai wanda iska ke bugawa, inda igiyar ruwa ke fashewa fari fat, akwai kuma na bayan iska. A gefen farko iska kan dutse take kai ka. A na biyu nesa da shi take kai ka, daga tudu zuwa zurfi. Sabon shiga ya tsaya a na biyu, ko ya bi tsawon dutsen inda iska ke tafiya daidai da shi.

Ban koyi wannan da baki ba. Wata rana cikin Agusta, ni da wani ƙanena, kifi na ci sosai a gefen da iska ke bugawa, muka yi ta matsawa. Da na ga farin kumfa ya kusa na ja igiyar inji, shiru. Na sake ja, shiru. Fulogi ya jiƙe, sabon kuma yana can ƙasan kula a ƙarƙashin kaya. Ƙanena ya kama filafili yana tuƙi kamar zai karya shi, amma filafili ba sa'an iskar azahar ba ne. Angar nan da aka hana ni taɓawa ita ta cece mu, na jefa ta a wani ɗan fili na yashi, ta ja ta ja sannan ta kama, saura abin da bai fi tsawon jirgi huɗu ba. Da muka ba kawu labari bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Wanda zai yi fatsa a gaban iska ba ya kashe inji." Tun ran nan in zan shiga wannan gefen inji na kunne, kuma mutum ɗaya ba ya riƙe zare, aikinsa kallon dutse.

Gangarowar farko, ba fatsa

Nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Kana isa kada ka sauke komai. Je sama da wurin da kake so, wato ɓangaren da iska ke fitowa, kamar mita 200, ka sa inji a firi ko ka kashe, ka zuba ido minti biyar. Jirgi zai juya ya kwanta a gicciye, ya ɗauki hanyarsa. Hanyar nan ba lallai ta zama daidai da iska ba, don a gefen duwatsu akwai ruwa mai gudu a ƙasa, wani lokaci ma gaba yake yi da iskar. Abin da jirgi ya yi shi ne gaskiya, ba abin da tuta ta nuna ba.

In kana da GPS, ko da na waya ne, sa alama a inda ka fara da inda ka kai, layin da ke tsakani shi ne hanyarka ta yau. Zai kuma nuna maka gudu. Abin da ake so tsakanin kilomita 1 ne da 2 a awa, tafiyar tsoho mai sanda. In babu na'ura, ka yi yadda magabata ke yi: nemi abu biyu a tudu da suka hau layi ɗaya, misali dogon gini a tasha da tsinin dutse a bayansa, sannan wasu biyu a wani ɓangaren. Inda layukan suka haɗu nan kake. Sai dai da zafi hazo kan ɓoye duwatsun tudu, shi ya sa galan fanko ke da amfani. Ɗaura masa igiya da ɗan nauyi, ka sauke a kan yashi kusa da wurin, ya zama turken da za ka riƙa auna kanka da shi.

Yanzu ka san layi. In ya wuce gefe da inda kake nufi da tsawon jirgi goma, matsar da mafarinka da tsawon jirgi goma. Koma sama a hankali, ta gefe, kada ka bi ta kan wurin da inji na ruri.

Sauke fatsa da karatun zare

Ku zauna duka a gefen da iska ke bugun fuska. Jirgi baya yake ja daga wannan gefen, don haka zare zai miƙe nesa da ku. Wanda ya sauke ta ɗaya gefen, jirgi zai hau kan zarensa ya shige ƙarƙashi. Kowa dalmarsa ta zama nauyi ɗaya da ta ɗan'uwansa, in ba haka ba zaruruwa su haɗu a ƙasa, a ɓata rabin awa ana warwara ana ganin laifin juna.

Soka koto sau ɗaya ta ƙarshensa, ka bar tsinin ƙugiya a waje. Koton da aka dunƙule juyi yake yi a ruwa kamar farfela, kifi ba ya kula shi. Saki zare yana zamewa tsakanin yatsu har ka ji dalma ta taɓa ƙasa, zaren ya saki. Nan take ka ɗago ta tsawon gaba guda. Wannan gabar ita ce tsakaninka da sarƙafewa. Bayan kowane ɗan lokaci ka sake saki ka taɓa ƙasa, ka ɗago. Daga tudu zuwa zurfi kake tafiya, saboda haka kullum ƙara zare za ka riƙa yi. In akasin haka ne, ƙasa na tasowa, to sai ka riƙa ragewa tun kafin dutse ya riga ka.

Da sabo dalma za ta riƙa gaya maka abin da ke ƙasa. A kan yashi taɓawar da laushi take, kamar an ajiye buhu. A kan murjani ƙwas take yi, wani lokaci da ɗan kartawa. Kifi ya fi tsayawa a iyakar biyun, da bakin gangare inda dutse ke yankewa ya faɗa zurfi. Duwatsun nan wasunsu kamar bango suke, yanzu kana mita 30, ɗan anjima zarenka duka ba zai taɓa ƙasa ba. In ka kai nan gangarowar ta ƙare, naɗe ka koma sama.

Idonka kuma yana kan yadda zare ya shiga ruwa. In a tsaye yake ko ya ɗan karkata, lafiya. In ya kwanta har ya kai rabin tsakanin tsaye da kwance, koto ya bar ƙasa, yawo kawai kake yi da shi a sama. Kada ka yi ta ƙara zare don ka cim ma ƙasa, dogon zare a kwance shi ne abincin murjani. Naɗe, ka sa dalma mafi nauyi. In ta giram 300 ma ta kasa, jirgin ne ke gudu, sai a ja masa birki. Ɗaura bokiti mai ƙarfi a igiya mai tsawon gaba huɗu ko biyar, ka sake shi ta gefen iska ya cika da ruwa, zai riƙe jirgi. In guda bai isa ba ƙara na biyu. In igiyar ruwa ta fara girma a goshin jirgi ake ɗaure shi, ba a baya ba, don jirgin da ya ba igiyar ruwa baya shan ruwa yake yi.

Akwai kuma ranar da iska ke mutuwa murus, teku ya kwanta kamar mai a faranti. Ran nan ka rage dalma zuwa giram 100, ka riƙa ɗan tuƙa filafili, ka kuma saki zare guda mara dalma da sardin sukutum a bayan jirgi, da wuyan waya. Bayad, wani kifi mai azurfar jiki, da derak a tsakiyar ruwa suke farauta, su wannan zaren yake jira. Daddatsa ɗan sardin ka riƙa watsawa kaɗan-kaɗan, ƙamshi ake so su ji, ba ƙoshi ba.

In ya ci

Kowane kifi da sallamarsa. Sha'ur, wanda ya fi yawa a kula, tsattsaga yake yi, tak, tak, tak, sannan ya ɗauka ya gudu. Kada ka fizga a tak ɗin farko. Da ƙugiya mai lanƙwasa ma ba a fizga sam, jira ake yi zare ya yi nauyi, sai a ja da ƙarfi ba tsayawa, ita za ta nemi wurin zamanta. Bohar, jan nan mai ƙarfin tsiya, ɗauka yake yi ya yi gefe. Najil da gushar kuwa, kifayen rami masu faɗin baki, ba sa sallama. Duka ɗaya za ka ji kamar an rataya maka bulo, kuma a wannan daƙiƙar ya riga ya juya ya nufi raminsa.

Gaba ukun farko su ne shari'ar. In ka raba shi da ƙasa da gaba uku, naka ne. In ka tsaya mamaki ya shige rami, ya buɗe marufan kunnuwansa ya tokare, sai dai haƙuri. Saboda haka kana jin nauyin ka ja hannu bayan hannu, ba sassauci, zaren na zuba cikin bokiti ko tsakanin ƙafafunka a tsabtataccen wuri. Bayan gaba ukun sai ka sassauta, ka ja shi a natse. Kada ka taɓa naɗa zare a hannu ko a yatsa, kuma kada ka taka wanda ke ƙasa. Babban kifi in ya ja, lailon na yanka nama har ƙashi.

In ya riga ka shiga rami, kada ka yi ta kokawa, murjani zai goge zaren ya tsinke. Sassauta zare ya yi sako-sako, ka ba shi minti biyu ko uku, wani lokaci in ya ji shiru yakan fito da kansa. In bai fito ba a tayar da inji a koma sama da wurin, a ja ta ɓangaren da ya shiga. Haka ake yi wa ƙugiyar da ta sarƙafe. In dole sai an tsinka, naɗa zaren a guntun sanda ka ja da ita.

Sai mai karɓar haraji. Girish, wato kifin shak, yana jin kifi na fafutuka zai taso, ka ɗago kai kaɗai ba gangar jiki. In ya yi maka haka sau biyu a wuri ɗaya, bar masa wurin, don ya riga ya gane jirginka kanti ne.

Inda kifi ya ci, sa alama nan take, ka sake bin layin. In ka gangaro sau uku ba a taɓa ba, matsa gefe ko ka ƙara zurfi. Kuma ka lura da iska, tana juyawa kaɗan layinka ya canza, sai a sake gangarowar gwaji.

Abin da ya shigo jirgi

Kifin da za ka riƙe, buga masa sanda a ka, yanka ƙarƙashin kunnuwa jini ya fita a bokitin ruwan teku, cire hanji, sa shi cikin ƙanƙara. Da zafin nan kifin da ya yi awa guda a rana a ƙasan jirgi ya tashi daga na sayarwa. A jera shi ciki na kallon ƙasa, ƙanƙara sama da ƙasa, a riƙa tsiyaye ruwan da ya narke, kular kuma a rufa mata jiƙaƙƙen buhu.

Akwai waɗanda ba a kai wa hannu. Mai kama da talibambam ɗin kogi, wanda ke kumbura, na teku guba ne mai kisa, dahuwa ba ta kashe ta, kada a kai shi gida ko da wasa. Akwai mai kama da dutse, da mai dogayen ƙayoyi kamar fukafukai ja da fari, dafinsu a ƙaya yake. A cire ƙugiya da filaya ko a yanke zaren. In ƙaya ta soki mutum a tsoma wurin cikin ruwa mai zafi iyakar yadda zai iya jurewa ba tare da ƙuna ba, a nufi asibiti.

Najil shi ne mai tsada, shi ne kuma ya fi saurin ƙarewa. Irinsu duk a mace suke fara rayuwa, sai sun girma wasu ke rikiɗa su koma maza, kuma taruwa suke yi wuri guda lokacin zuba ƙwai. Wanda ya faɗa kan irin wannan taron zai cika kula a awa guda, baɗi kuma ya tarar da kango. A ɓangaren Saudiyya hukuma kan rufe kamunsa wata biyu daga farkon Afrilu saboda haka. A ganina ko ba mai kallonka, in ka fara ɗago masu ciki cike da ƙwai ka ɗauki na miya ka matsa. Ƙananan da ba su kai kamu guda ba a mayar. Babban koren nan mai ƙullutu a goshi, wanda Turawa ke kira Napoleon, ya yi ƙaranci a duniya, shi ma a sake shi. Sai dai ka sani, kifin da aka ɗago daga mita 40 iskar cikinsa kan kumbura har tumbinsa ya leƙo ta baki, da wuya ya iya komawa ƙasa. In ƙanana ne ke ta ci a zurfi, sauya wuri ya fi a yi ta saki suna shawagi a sama.

Juyawa gida

Azahar in ta same ku a ruwa, ruwan teku na alwala, alƙibla kuma daga nan arewa maso gabas take, tsallaken ruwan. Amma kada ku kai la'asar. Iska na ƙaruwa, ƙanƙara na narkewa, kuma yamma za ku nufa, ranar da ta hana ku ganin dutse da safe ita za ta sake tare muku ido a mashiga. Wanda ya daina gumi, ko ya fara jiri da magana ba kan gado, zafi ne ya kama shi. A kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a juya nan take ko da kifi na ci.

Kafin ku tashi ku ɗauko galan ɗin alama, ku tattara guntayen zare cikin leda, don kunkuru da tsuntsaye na sarƙafewa a ciki. A gida ka wanke ƙugiya, filaya da wuƙa da ruwan daɗi, ka kuma zagaya da shi cikin inji. Gishirin Bahar Maliya ya kai giram 40 a lita, ya fi na yawancin tekuna, ƙugiyar da ta kwana da shi da safe ja za ka same ta. Bi gaba biyar na ƙarshen babban zare da yatsa, duk inda ka ji kaushi yanke daga nan. Sannan ka ɗauko ɗan littafinka ka rubuta kwanan wata, sunan dutse, inda iska ta fito, nauyin dalmar da ta riƙe ƙasa, da zurfin da aka ci.